Shekarar da Aka Ba Ashafa Baffa Jatau

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta Sharada a wancan zamani ya san bencina. Ni ce Zuwaira mai garau-garau, rumfata tana jingine da katangar kamfanin, hannun dama idan mutum ya fito daga ƙofa. Mijina a sashen rini ya yi aiki har Allah ya karɓi abinsa, ni kuma na kafa tukwanena a bakin ƙofar don in ciyar da marayuna. Ba a ciki nake aiki ba, amma babu abin da za a yi a cikin kamfanin nan da ba zai zo ya same ni a kan benci da ɗuminsa ba.

Ashafa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Babura, can kusa da iyaka. Shekarar fari ya zo Kano, saba'in da uku, daga shi sai rigar jikinsa da tabarma. Gajere ne, siriri, gemun ma ba a cewa komai, ɗan tsiro ne kawai a haɓa. Da dakon dilar auduga ya fara, aka mai da shi shara a sashen saƙa, yana shara yana leƙen hannun masu aiki har ya iya. Kafin shekarun su yi nisa shi kaɗai ake bar wa jerin injuna ya kula da su. Ya auri Rakiya, suka kama ɗaki a cikin garin Sharada, suka haifi uku, ga tsohuwarsa a ƙauye tana jiran abin da zai aika. Keke gare shi baƙi, kullum a goge. Abin da na fara lura da shi a wurinsa shi ne cin abincinsa: ba ya barin ko ƙwaya a kwano, wadda ta faɗo kan benci ma sai ya tsince ta ya kai baki. Na sha tsokanarsa a kan haka, sai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa.

Sai na faɗa muku yadda masaƙa suke, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Ƙarar injin saƙa ba ta misaltuwa. Ni da nake bayan katanga, in na ajiye cokali a kan murfin tukunya rawa yake yi. Mutanen da ke yini a cikinta ba sa magana da murya, wa zai ji? Da leɓe suke yi, da hannu. Mutum yana wannan bango, abokinsa yana wancan, sai su yi hira tsaf, har gulmar heluma, mai kula da aikinsu, su yi, babu wanda ya ji sautin komai. In kuwa aka tashi suka fito, sai su yi ta ɗaga murya kamar masu kiran ɗan kwale-kwale daga tsallaken kogi. "Iya, ƙaro yaji!" Ga ni a gabansu fa, taku ɗaya. Dukansu kunnuwansu a toshe suke fitowa, amma in sun kwana sun huta sai jin ya dawo.

Na Ashafa ne ya daina dawowa. Ranar da na gane, wata babbar mota ce take ja da baya a bayansa, direba yana ta danna oda, kowa ya watse daga benci, shi kuwa yana zaune yana kai loma. Sai da na fizgo hannunsa. Ya dube ni, na dube shi. Tun daga ranar, in zan yi masa magana sai na tsaya a gabansa ya ga bakina.

A wurin aiki kurumtar ba ta rage shi da komai ba. Takalmi yake cirewa, in zare ya tsinke ko ƙoshiyar saƙa ta maƙale inji ya tsaya, a tafin ƙafarsa yake ji tun kafin wani ya ankara. 'Yan sashen saƙa kaf sun sani, daga Muntari helumansu har masu shara, kuma ba wanda ya taɓa fitar da maganar. Dalili kuwa, dokar kamfani ce cewa wanda ba ya jin jiniya ko kiran gargaɗi ba a barinsa kusa da inji. Ga shi shekarar tamanin da biyu ce, zamanin tsuke bakin aljihu, yadi ya yi kwantai a sito, manya suna ta neman wanda za su rage. Ko tari mutum ya cika yi sai a fara kallonsa.

To, a kowane ƙarshen shekara ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ma'aikata tana yin wasa a filin bayan ɗakin cin abinci, ranar Asabar bayan la'asar. Ma'aikata su zo da iyalansu, ni ma a bar ni in shiga, tunda matar tsohon ma'aikaci ce. Wasa ɗaya ake yi kullum, Rumbun Baffa Jatau. Tsohon wasa ne, waɗanda suka yi elamantare sun ce tun suna yara ake yin sa a makaranta. Labarin wani dattijo ne da rumbunsa kaɗai ya rage da hatsi a shekarar yunwa, ɗan ƙaninsa yana ta zuga shi ya sayar wa fatake da tsada, mutanen gari kuma suna ta zuwa roƙo. A ƙarshe dattijon yakan tsaya gaban rumbu, ya juya wa jama'a baya, ya dafa shi, ya yi shiru. Sai ɗan ƙanin ya kira shi daga baya, "Baffa!" Shi kuma ya juyo ya ce, "Je ka faɗa wa gari, kowa ya zo da ƙwaryarsa." Babu yaron da bai haddace wannan ba a Sharada. Kowa ya san yadda za a ƙare, amma duk shekara fili cika yake yi, har daga majemun Challawa mutane ke zuwa a kan kekuna.

Tun da aka fara, Isyaku direba ne Baffa Jatau. Ƙato ne, ga gemu, ga tumbi, ga murya. A shekarar nan sai ya ajiye aiki ya koma tuƙin tirela zuwa Ikko. Ana cikin haka kuma ragamar ƙungiyar ta koma hannun Malam Tijjani, sabon akawun sito da aka ɗauko daga wani kamfani a Bompai, tsohon malamin makaranta, mutumin kirki amma baƙo.

A gabana aka yi kuskuren. Malam Tijjani yana zaune a ƙarshen benci yana cin abincinsa da cokali, sai Ashafa ya ɗaga kwano ya ce, "Iya, ƙaro wake!" Har tattabarun kan katanga sai da suka tashi. Malam Tijjani ya ajiye cokali ya ce, "Ikon Allah! Wane ne wannan mai murya haka? Ai wannan ba ya buƙatar lasifika." Gabana ya faɗi. Shi a ganinsa baiwa ce ya tsinta, bai san mutum ne da ba ya jin muryar kansa ba. Kafin mako ya zagayo an sanar cewa Ashafa na sashen saƙa shi ne Baffa Jatau na bana.

Tirƙashi! Ban taɓa sayar da abinci cikin hayaniya irin ta kwanakin nan ba. Mamman na sashen rini, wanda hannayensa shuɗaye ne har gwiwar hannu, kuma ba a taɓa yin wasan nan ba ya sahun gaba ba, shi ya fi kowa kumfar baki.

"Baffa Jatau fa!" in ji shi. "Mutumin da in ya tsaya gaban rumbu ba a ganin rumbun! Wannan ai rumbun ne zai haɗiye shi. Iya, don Allah ke ki faɗa, Baffa ne wannan?"

Na ce, "Ni abinci nake sayarwa. Matsa min da hannun nan naka daga bakin tukunya."

Ladi mai fura da ke kusa da ni ta ce ita ba ta ga yadda za a yi dattijo ba gemu ba. Wasu suka ce Hausarsa ta bakin iyaka ce, in ya buɗe baki dariya za a yi a wurin kuka. Mutanen Challawa suka aiko cewa in ba Isyaku ba ne, ba za su wahalar da ƙafafunsu ba. Har aka sami masu cewa a je tashar manyan motoci a roƙi Isyaku ya dawo ya yi na rana ɗaya. Su kuma 'yan ƙauye masu dakon auduga suka tsaya wa Ashafa, suka ce a ina aka taɓa ganin manomi da tumbi a shekarar yunwa? Shekara da shekaru ana nuna musu mutumin da ya fi kowa ƙoshi a kamfani wai shi ne ya ga fari, su sun yi shiru ne kawai. Mamman ya ce ai shi ne mai rumbu, dole ya ƙoshi. Aka ce masa ai ba ci yake yi ba, ajiyewa ya yi. Wasu abokai biyu da suke ci a kwano ɗaya tun kafin in san su, sai da na raba musu kwano a makon nan.

Amma waɗanda suka fi kowa tada jijiyar wuya su ne 'yan sashen saƙa, abokan aikinsa. Ni na san dalili. Manajan ma'aikata a kujerar gaba yake zama duk shekara, in Ashafa ya fito fili aka yi masa magana bai ji ba, shi ke nan, asiri ya tonu a gaban kowa. Ba kuma za su iya faɗa wa Malam Tijjani gaskiya ba, don ɗan ofis ne, ba su san cikinsa ba. Sai suka shiga ƙirƙiro aibu. Muntari ya je ya ce Ashafa yana da i'ina in ya ga taro. Wani ya ce mantuwa gare shi. Wani ya ce ai ko kiran salla aka sa shi rawar jiki yake yi. Malam Tijjani ya ɗauka hassada ce, ya ƙara kafewa.

Abin da suka manta shi ne Ashafa leɓe yake karantawa. Yana can gefen titi yana ɗaure kaya a keke, yana ganin duk abin da ake faɗa a kan benci. Mutumin da ba ya ji, amma babu zagin da ya wuce shi. Na Mamman bai dame shi ba. Na Muntari ne ya cinye shi, mutumin da suka yi shekaru kafaɗa da kafaɗa. Ya daina zama a benci, sai ya karɓi kwanonsa ya zagaya bayan rumfa ya ci a tsaye. Wallahi abin ya ƙona min rai, har na kasa haƙuri.

Ran nan na bar tukunya na bi shi bayan rumfar, na tsaya a gabansa na ce, "Kai Ashafa, dube ni nan. Kana tsammani ƙin ka suke yi? Rufa maka asiri suke yi, sakarai! Manaja zai zauna a gabanka. Ka je ka ce wa Malam Tijjani ka fasa."

Ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya ce, "Na sani, Iya. Da farko na ji zafi, daga baya na gane."

"To, da ka gane fa?"

"Ba zan fasa ba."

Na ce, "Rakiya fa? Yaran fa? Tsohuwarka fa? Wasa ne zai ciyar da su?"

Sai ya ajiye kwanon a kan dutse. Ya yi ƙoƙarin rage murya, amma bai san iyakarta ba, na tabbata Ladi ta ji. Ya ce a garinsu ma akwai mai rumbu a shekarar fari. Sun je ƙofarsa da ƙwarya, shi da tsohuwarsa, ba sau ɗaya ba. Bai buɗe ba, fatake ya sayar wa. Ƙannensa biyu ba su ga damina ba. Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin farashin gero, ko idonsa bai kaɗa ba.

Ya ce, "Duk shekara ina zaune ina kallon Isyaku yana buɗe rumbun nan yana murmushi, kamar mai rabon goron suna. Ba haka ake buɗe shi ba, Iya. Ina so in buɗe shi sau ɗaya da hannuna. Kunnen nan kuwa ba dawowa zai yi ba, yau ko gobe za su gane. Gara su gane bayan na yi."

Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa. Na ɗauki kwanon na ƙaro masa wake ba tare da ya tambaya ba.

Da yamma na tare Muntari na faɗa masa yadda muka yi. Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "To, tunda ya ƙi sauka, sai mu tallafe shi." Washegari sai ga 'yan saƙa sun juya kamar ba su ba, har suna neman a ba su aiki a wasan. Bala, wani matashi mai injuna kusa da na Ashafa, ya nemi a ba shi ɗan ƙanin Baffa, aka ba shi. Mamman ya ce lallai an ba su cin hanci.

A wurin gwaji abin bai yi wuya ba, don Ashafa ya haddace wasan daga farko har ƙarshe, nasa da na kowa, a bakin Isyaku da sauransu ya kwashe shi shekara da shekaru. In dai yana ganin fuskar mai magana, ba ya kuskure. Inda ba ya gani, Muntari yana tsaye a gefe yana yi masa alama irin tasu ta cikin sashe. Wuri ɗaya ne ya gagara, wato ƙarshe, inda zai juya wa kowa baya ya fuskanci rumbu. A nan ne Malam Tijjani ya gane. Bala ya ce "Baffa!" ya sake cewa, mutum yana tsaye kamar an dasa shi.

Malam Tijjani ya zo rumfata bayan an watse, ko abinci bai nema ba. Ya ce, "Iya, ashe haka ne? Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

Na ce, "Malam, ku 'yan ofis ne. Wa zai kai muku wuyan ɗan'uwansa?"

Ya ce shi ya jawo, kuma in ya cire shi yanzu sai an tambayi dalili. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, bai kai maganar ko'ina ba. Shi ne ma ya kawo dabarar. Da a ƙasa ake yin wasan, a shimfiɗa tabarmi, sai ya ce bana dandamali za a yi, a jera durom ɗin rini waɗanda ba komai a ciki, a ɗora katako a kai. Ashafa zai hau ba takalmi, dama manomi ne. In lokacin kiran ya yi, Bala zai buga ƙafa a katako, shi kuma ya ji a tafin ƙafarsa kamar yadda yake jin inji.

Ranar wasa fili ya cika har kan katanga. Mutanen Challawa da suka ce ba za su zo ba su suka fara isowa, wai sun zo ganin yadda za a ji kunya. Manaja yana kujerar gaba da hankicinsa a hannu. 'Yan saƙa suka zauna a ƙasa a gaban dandamali, sahu guda, Muntari a tsakiya. Ni ina ɓangaren mata, kusa da Rakiya da yaranta.

Da ya fito an yi dariya, ba zan ɓoye ba. An liƙa masa gemun auduga, ga riga ta yi masa yawa. Wani daga baya ya ce, "Ina sauran Baffan?" Amma da ya buɗe baki sai dariyar ta fara ja da baya. Muryar nan da ke korar tattabaru ta kai har bakin ƙofa ba lasifika. Kuma bai yi Baffan kirki mai fara'a irin na Isyaku ba. Ya yi mutum mai tsoro, wanda ke zagaya rumbunsa yana shafawa, yana kallon masu roƙo yana kau da kai. Da mata suka zo da ƙwarya ya kore su, sai da na ji na tsane shi. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Allah ya isa, haka suke yi."

Aka zo ƙarshe. Ya juya baya, ya dafa rumbun kara da hannu biyu, ya jingina goshi. Bala ya ce "Baffa!" ya buga ƙafa. Na ga kafaɗar Ashafa ta motsa, na san ya ji. Amma bai juyo ba. Ya tsaya, ya tsaya, har na fara cewa a raina shi ke nan, ta faru. Fili ya yi tsit, ko tarin yaro ba ka ji. Can sai ya juyo a hankali, fuskarsa sharkaf, ya ce, "Je ka faɗa wa gari, kowa ya zo da ƙwaryarsa." Kowace shekara jama'a tare suke faɗar wannan da Baffa, suna tafi. A ranar babu wanda ya iya buɗe baki, shi kaɗai ya faɗa. Sai da ya cire murfin rumbun sannan wuri ya ɓarke.

Mamman na hango a tsaye yana share ido da shuɗayen hannayensa, yana ihu ya fi kowa. "Wannan shi ne Baffa! Wallahi ba a taɓa yin Baffa ba sai yau! Yallaɓai, a ba shi tukuici! A ba shi tukuici!" Jama'a suka ɗauka. Mamman bai san komai ba, Allah ya sani, ƙauna ce ta kama shi. Manaja ya ji daɗi, ya aika aka ɗauko turmin atamfa daga ofis, ya miƙe tsaye.

A lokacin Ashafa ya riga ya sauko daga katako, ya nufo ɓangarenmu wurin Rakiya da yara, yana ɓamɓare audugar haɓarsa yana murmushi. Manaja ya ce, "Malam Ashafa!" Bai juya ba. Muntari da mutanensa duk suna bayansa, alamarsu ba ta da amfani. Na ga Bala ya diro yana buga ƙafa a ƙasa, yo ƙasa me za ta kai masa? Manaja ya karɓi abin magana na lasifika ya sake kira, sunan ya cika fili har ya dawo daga katanga. Kowa ya ji, ban da mai sunan. Ni ce a gabansa, sai na buɗe baki ba murya na ce, "Juya!" Ya ga bakina ya juya da sauri, amma manaja ya riga ya ga inda ya duba.

Ya je ya durƙusa ya karɓi atamfar. Manaja ya ba shi hannu, sannan ya kai hankici ya rufe bakinsa kamar mai goge gumi, ya yi masa wata magana. Mu da ke kusa mun ji, tambayarsa ya yi shekararsa nawa a sashen saƙa. Ashafa ya yi murmushi ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Na ga Muntari ya sunkuyar da kai.

Ranar Litinin aka kira shi wurin likitan kamfani. Kafin wata ya ƙare an sallame shi. Ba a wulaƙanta shi ba, an ba shi haƙƙinsa, an ce doka ce. Malam Tijjani ya shiga ya fita ko a mai da Ashafa sito, aka ce ba gurbi. Mamman da ya ji yadda abin yake, kwana da kwanaki bai zo bencina ba.

Ashafa bai koma ƙauye ba. Ya sayar da keken ya sayi kurar ruwa da garewani, ya shiga ga-ruwa a cikin Sharada. Ni ce mai sayensa ta farko kowace safiya. Rakiya ta ɗinka atamfar, ita da 'yarta, ta kama sayar da ƙuli-ƙuli a gida. Ana ci, ba kamar da ba, amma ana ci. Ban taɓa jin ya ce da na sani ba, ni kuma ban taɓa tambayarsa ba.

Da shekara ta zagayo aka ce Bala ne Baffa Jatau, sai bencina ya sake kamawa da wuta. Mutanen da suka ce rumbu zai haɗiye Ashafa su ne yanzu ke cewa in ba Ashafa ba a bar wasan. Bala ya yi tsayi, Bala ya yi ƙiba, Bala bai san yunwa ba. Mamman ya ja tawaga har ofis, aka ce musu wasan na ma'aikata ne, wanda ba ya aiki a kamfani ba ya hawa. Muntari ya ce wa Ashafa ya zo ya shigar da shi kallo a matsayin ɗan'uwansa. Ya ce a'a, ba ya shiga ƙofar da aka fitar da shi.

Ranar wasan na rufe tukwane zan shiga, sai ga shi ya turo kura, ya jingine ta, ya zauna a kan benci shi kaɗai. Na ajiye mayafina na zuba masa abinci. An sa wa Bala lasifika, ana jin komai ta kan katanga.

Ya ce, "Iya, sun fara?"

Na ce sun fara. Na jawo kujerata na zauna a gabansa, duk abin da na ji an faɗa a ciki sai in maimaita masa da baki, shi kuma yana kallona yana gyaɗa kai, wani wurin ma yana riga ni. Haka muka yi har ƙarshe. Na ce masa, "Ga shi an kira, Baffa." Ban rufe baki ba sai na ji Bala ya amsa, jama'a suka ɗauka tare da shi, na faɗa masa wannan ma.

Ya ce, "Har ya juyo?"

Na ce, "Ya juyo."

Ya girgiza kai. "Ya yi sauri. Ki faɗa masa ba a buɗe shi da sauri haka."

Ya tsince wata ƙwayar shinkafa da ta faɗo kan benci ya kai baki, ya miƙo min kwano, ya kama kurarsa. Ni kuwa sai da na juya masa baya kafin in yi kukana, don in ya ga bakina zai gane.